Mata 'Yan Kwana-Kwana: Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Duk wanda ya taɓa ganin gobara a ƙauye da rani, sa'ad da iskar hunturu take kaɗawa, ya san yadda abin yake. Da an ji kururuwa, "Gobara! Gobara!" sai kowa ya fito. Maza su hau su yaye jinkar ɗakunan da suke kusa don kada wutar ta yi tsalle, waɗansu kuma su yi ta bugunta da ɗanyen ganye. Amma wa yake kawo ruwan? Mata ne da 'yan mata, da tulu da bokiti da kwano, suna kai da kawowa tsakanin rijiya da bakin wuta har ta mutu. A ranar ba mai tsayawa ya ce, "Ke, koma gida, wannan ba aikin mata ba ne."

To, amma bari a sayo jar mota mai jiniya, a ɗinka kaki, a yanka albashi da fansho, a ce za a ɗauki ma'aikata. Nan fa gardama take tashi. Sai ka ji ana cewa mace ba ta da ƙarfi, mace matsoraciya ce, mace za ta jawo a rasa rai. Wannan gardama an yi ta a ƙasashe da yawa, amma ba inda ta yi zafi kamar birnin Niyu Yok na Amurka. Labarin da za mu ba ku a wannan wata na wata mace ne mai suna Brenda Berkman, da yadda ita da 'yan'uwanta suka shiga aikin kwana-kwana a birnin nan. Labari ne na nesa, amma tambayar da take cikinsa tana iya zuwa har zauren gidanmu.

Tun da can suna ciki

Mata ba baƙin wuta ba ne ko a Niyu Yok ɗin. Tsofaffin 'yan kwana-kwanan birnin sun bar labarin wata baƙar fata mai suna Molly Williams, baiwar wani attajiri, wadda take yi wa wata ƙungiyar 'yan sa kai girki. A zamanin babu mota, famfon ruwa a kan amalanke yake, da igiya ake jansa. Ana ba da labari cewa a shekara ta 1818 gobara ta tashi ana tsakiyar zubar dusar ƙanƙara, ga shi ciwo ya kwantar da maza da yawa. Sai Molly ta kama igiya tare da sauran da suka rage, suka ja famfon har bakin wuta.

Haka kuma a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da jiragen Jamus suka shiga yi wa Landan ruwan bama-bamai a shekara ta 1940, dubban mata suka shiga aikin kashe gobara. Yawancinsu suna kan wayar tarho, ko tuƙin mota, ko kai saƙo a kan babur. Wata budurwa mai shekara 21, Gillian Tanner, ta tuƙa babbar mota cike da galan-galan na fetur a cikin dare, tana bi tana kai wa injunan ruwa mai, bama-bamai suna faɗuwa, wuta tana ci dama da hagu. Aka ba ta lambar yabo ta jarumtaka. Amma da yaƙi ya ƙare, maza suka komo, sai aka sallami yawancin matan, aka ce an gode.

Ka ga yadda abin yake tafiya. Ranar tsanani ba a tambaya. Sai hankali ya kwanta, aiki ya zama abin neman abinci da daraja, sa'an nan a tuna cewa wance mace ce.

Doka ta buɗe ƙofa

A shekara ta 1964 Amurka ta kafa wata babbar doka wadda ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar ma'aikata saboda launin fata, ko addini, ko kasancewar mutum namiji ko mace. A 1972 aka faɗaɗa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi da na birane. Daga nan ba wani birni da yake da ikon rubuta "maza kaɗai" a takardar neman aiki.

A 1974 wata matar aure mai suna Judith Livers ta sami aikin kwana-kwana a gundumar Arlington ta jihar Bajiniya. Mijinta ɗan kwana-kwana ne, garin taya shi karatun jarrabawa ne sha'awar aikin ta kama ta. Abin mamaki, cikin waɗanda suka fi tayar da hankali har da matan auren abokan aikinta, gama ba su so mace ta kwana a tasha ɗaya da mazajensu ba. Ta jure, ta yi shekara 25 tana aikin, ta kai babban muƙami kafin ta yi ritaya a 1999.

Niyu Yok kuwa, wadda take da rundunar kashe gobara mafi girma a ƙasar, ta yi ta jan ƙafa har 1977. A shekarar ne aka fara yarda mata su zauna jarrabawar shiga.

Jarrabawar da ba mace ko ɗaya da ta ci

An haifi Brenda Berkman a 1951, ta girma a jihar Minesota. Sa'ad da aka yi shelar jarrabawar tana karatun lauya ne a Jami'ar Niyu Yok. Mace ce mai son guje-guje tun tana yarinya, ta kuwa ɗauki abin da gaske. Ta yi ta gudu, tana faskare, har mijinta takan saɓa ta hau matakala da shi ta sauko don ta saba da nauyi.

Jarrabawar kashi biyu ce. Ta rubutu aka fara yi a ƙarshen 1977. Mata fiye da 400 suka zauna, kusan dukansu suka ci. Sa'an nan a 1978 aka zo ta gwada ƙarfi. A ciki akwai saɓa mutum-mutumi mai nauyin kilo 54 a kafaɗa a hau matakala da shi a sauko, da tsallake katanga mai tsawon ƙafa 8, da gudun mil ɗaya, da dogon tsalle, da matsa wani ƙarfe don a auna ƙarfin damƙa, da rataya a jikin sanda da hannu. Mata wajen 90 suka gwada. Ko ɗaya ba ta ci ba. Maza kuwa kusan rabinsu suka haye.

Mutane da yawa suka ce, "To, magana ta ƙare, gani ya kori ji. An ba su dama sun kasa." Amma Brenda ta yi wata tambaya wadda ta fi ƙarfin amsar nan. Ta ce, shin abin da aka gwada shi ne abin da ɗan kwana-kwana yake yi a bakin wuta?

Kowa ya san mudu a kasuwa. In mai awo ya bubbuge gindin mudunsa, ko ya sa wanda ya fi na kowa zurfi sa'ad da yake saye, ba za a ce hatsin ne ya gaza ba. Sai a duba mudun tukuna. A 1979 Brenda ta kai birnin ƙara gaban kotun tarayya, wata malamar shari'a mai suna Laura Sager ta tsaya mata. Sunanta kaɗai ne a kan takardar ƙarar, saboda haka duk zagin da aka yi a kanta ya sauka. Aka ce ita lauya ce mai neman suna, ba aikin take so ba. Ta shaida a gaban kotu cewa in ta ci shari'ar za ta ajiye aikin lauya ta sa kaki.

Ainihin aikin

Kafin mu ji hukuncin alƙali, ya kamata mai karatu ya san yadda aikin nan yake, gama yawancinmu daga nesa muke hangen motar tana wucewa.

Ɗan kwana-kwana ba ya shiga wuta da 'yar shara. Akwai hular kwano, da riga da wando masu kauri da ba sa saurin kama wuta, da takalma, da safar hannu, da tukunyar iska a baya wadda yake shaƙa ta cikin abin rufe fuska. Waɗannan kaɗai sun haura kilo 20, ban da gatari ko mesar da yake ɗauke da ita. Iskar tukunyar ƙayyadaddiya ce. Wadda aka fi amfani da ita an auna ta ta yi kamar rabin awa, amma mai aikin ƙarfi yana haki yakan shanye ta kafin haka. Saboda haka wanda ya afka da gudu da dukan ƙarfinsa, shi ne iskarsa take fara ƙarewa.

A cikin gidan da yake ci, hayaƙi da zafi sama suke tashi. Hayaƙin ma ya fi harshen wutar kashe mutane. Domin haka ɗan kwana-kwana rarrafe yake yi, yana lalube cikin duhu. In ya tarar da wanda ya suma, ba ya miƙewa tsaye ya saɓa shi a kafaɗa, gama yin haka ɗaga kansa da na mutumin ne zuwa inda mutuwa take. Jansa yake yi a ƙasa har su fita. Mesar ruwa kuwa in an sake ta, tana tura mai riƙe da ita baya da ƙarfi, shi ya sa mutum biyu ko uku suke kama babbar. Dogon tsani ma ba mutum ɗaya yake tayar da shi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan kuwa karin maganar ba wasa ba ce.

Kada kowa ya ce aikin ba ya son ƙarfi. Yana so ƙwarai. Amma irin ƙarfin da yake so shi ne na mai noma da yake kama kunya tun safe har azahar ba tare da ya zube ba, haɗe da dabara, da natsuwa, da jin maganar shugaba.

Hukuncin alƙali

A watan Maris na 1982 alƙali Charles Sifton ya yanke hukunci. Ya ce birnin ya kasa nuna cewa jarrabawar 1978 tana auna abin da aikin yake bukata. Ya ba da umarni a shirya wata wadda za ta yi kama da aikin kansa, a kuma keɓe gurabe har 45 domin matan da suka ci ta. A lura, alƙalin bai ce a ɗauki mace ba tare da gwaji ba. Mudun ya ce a gyara.

Aka yi sabuwar jarrabawa, mata 40 da 'yan kai suka haye. A ƙarshen shekarar 1982 suka gama horo a makarantar rundunar da take tsibirin Randall, aka rarraba su tashoshi. Brenda ta cika alkawarinta. Ta bar ofishin lauya, ta sa hular kwano, tana da wajen shekara 30 da haihuwa. A shekarar ce kuma ta kafa ƙungiyar mata 'yan kwana-kwana ta birnin, ta zama shugabarta ta fari.

Wutar da take cikin tasha

Da ma a ce a nan wahala ta ƙare. Ina! Yanzu ta fara.

Tashar kwana-kwana kamar gida take. Ma'aikata suna kwana tare, suna haɗa kuɗi su yi girki su ci a tebur ɗaya. Sabon shiga kuma a wurin tsofaffin hannu yake koyon aiki, gama abin da makaranta take koyarwa kaɗan ne. To, yawancin matan nan an tura su ne ɗaya ɗaya, kowace ita kaɗai cikin maza. Waɗansu aka hana su cin abinci tare da jama'a. Waɗansu aka daina yi musu magana sam. Aka ƙi koya musu aiki, sa'an nan aka ce ba su iya ba. Aka yi ta aika wa Brenda barazanar kisa. Mafi muni, akwai lokacin da aka tarar an zuƙe iskar da take cikin tukunyarta. Mai karatu da ya ji bayanin da muka yi a baya ya san ma'anar wannan. Ba tsokana ba ce, wasa da rai ne.

Da shekarar gwaji ta cika a 1983, sai aka kori Brenda da wata abokiyar aikinta, Zaida Gonzalez, wai ba su iya aiki ba. Su biyun kuwa su ne suka fi fitowa fili a cikin matan. Suka koma kotu. Kafin shekarar ta ƙare alƙali Sifton ya ba da umarni a mayar da su, ya ce an tsangwame su, an kuma hana su horon da ya kamata.

Gaskiya ce a faɗa, ba dukan mazan ne suka yi haka ba. Akwai waɗanda suka koya wa matan aiki, suka tsaya musu, ko da yake su ma sun sha harara saboda haka. Ƙungiyar baƙaƙen fata 'yan kwana-kwana ta birnin ta ba su goyon baya, gama su ma sun san ɗacin a ce maka ba ka dace ba tun ba a gwada ka ba.

Ba kuma kowace shari'a Brenda ta ci ba. Birnin ya sake shirya wata jarrabawa wadda ta fi ba saurin gudu muhimmanci, aka sake komawa kotu, amma a 1987 kotun ɗaukaka ƙara ta bar yawancinta yadda take. Shekara da shekaru bayan haka mata kaɗan ƙwarai aka ƙara ɗauka.

Ranar 11 ga Satumba

Brenda ta ci gaba da aikinta, gobara bayan gobara. A 1994 ta zama laftana. Ranar 11 ga Satumba, 2001, sa'ad da 'yan ta'adda suka kara jiragen sama biyu a tagwayen dogayen benaye na Cibiyar Ciniki ta Duniya, tana hutu a gida. Ba ta jira a kira ta ba. Ta ruga tasha mafi kusa, ta ari kayan aiki, ta nufi wurin tare da sauran. A ranar rundunar ta rasa mutum 343, da yawa daga cikinsu ta san su, waɗansu ma sun yi aiki tare. Ta yi makonni tana tono cikin ɓaraguzai da ƙura ana neman waɗanda gini ya danne.

A lokacin matan rundunar ba su kai 50 ba cikin ma'aikata fiye da 11,000. Akwai kuma mata uku masu aikin ceto na waɗansu hukumomi da suka rasu a wurin: 'yar sanda Moira Smith, da kyaftin Kathy Mazza ta 'yan sandan hukumar tashoshin jirage, da Yamel Merino mai aikin motar asibiti. Amma da aka shiga jawabai da yabo, sai aka yi ta cewa "jaruman maza", kamar ba mace ko ɗaya da ta taka wurin. Abin ya yi wa Brenda zafi, ta kuwa yi ta magana don kada a manta da su. A 2002 ta zama kyaftin, a 2006 ta yi ritaya bayan kusan shekara 25. Daga baya ta koma zane-zane, tana kuma zagayawa da baƙi a wurin da benayen suke a dā tana ba su labari.

Mudun da aka gyara

Tambayar da Brenda ta yi ba ta faɗi ƙasa banza ba. A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyar ma'aikatan kashe gobara da ta shugabanninsu a Amurka da Kanada suka haɗu suka shirya jarrabawa guda wadda birane da yawa suka karɓa. Ga yadda take.

Mai neman aiki zai sa riga mai nauyin kusan kilo 23, a madadin kayan aiki. Zai bi tashoshi 8 a jere ba hutu. Da farko a ƙara masa kilo 11 a kafaɗa ya yi minti 3 yana hawan matakala. Sa'an nan ya ja mesa, ya ɗauki injunan yanka ya kai ya komo, ya tayar da tsani, ya bugi wani abu da babbar guduma kamar mai fasa ƙofa, ya yi rarrafe cikin rami mai duhu da kwana-kwana, ya ja mutum-mutumi mai kilo 75 a ƙasa, a ƙarshe ya yi ta soka da fizgar silin da ƙugiya. Dole ya gama duka cikin minti 10 da daƙiƙa 20.

Ka lura, mutum-mutumin yanzu ya fi na 1978 nauyi, amma jansa ake yi yadda ake yi a bakin aiki. Babu lokacin maza dabam, na mata dabam. Ko ka ci ko ka faɗi. Maza da yawa suna faɗuwa, mata da yawa suna faɗuwa, waɗanda suka yi shiri sosai kuwa suna hayewa. Mutumin da ya suma cikin hayaƙi ba ruwansa da ko wane ne ya ja shi waje, muddin ya iya.

Duk da haka tafiyar a hankali take. A ƙidayar da ƙungiyar kiyaye gobara ta Amurka ta yi ta shekarar 2020, cikin kowane ɗari na 'yan kwana-kwanan ƙasar, da masu albashi da 'yan sa kai, wajen 9 ne mata.

Ba a Amurka kaɗai ba

A shekarar da Brenda ta sa kaki, wato 1982, a shekarar ce kuma Landan ta ɗauki mace ta fari a cikakken aikin kashe gobara, Sue Batten. A 1988 wata yarinya mai shekara 18, Dany Cotton, ta shiga rundunar, a 2017 kuwa ta zama shugabar rundunar duka. Watanni kaɗan bayan haka, ranar 14 ga Yuni, dogon benen Grenfell ya kama wuta, mutum 72 suka rasu. Hukumar bincike ta ga laifin shugabannin rundunar a kan rashin shiri, Dany Cotton ta sauka a ƙarshen 2019. Wannan ma darasi ne. Wadda ta nemi a auna ta da mudu ɗaya da kowa, da shi za a auna ta ranar yabo, da shi kuma ranar tuhuma.

A nan kusa da mu ma abin ya iso. A shekara ta 2020 mace ce, Margaret Adeseye, take riƙe da hukumar kashe gobara ta Jihar Legas. A watan Maris na 2025 kuma aka naɗa Daniella Mawusi Ntow Sarpong ta shugabanci rundunar kashe gobara ta ƙasar Gana, mace ta fari da ta hau kujerar.

In 'yarka ta zo da maganar

Mu ba baƙin gobara ba ne. Mutanen Jos ba su manta da babbar kasuwarsu da ta ƙone a watan Fabrairu na 2002 ba, haka mutanen Kano da kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016. Ban da waɗannan, kowane hunturu sai mun ji gidan da ya ƙone saboda garwashin jin ɗumi, ko kyandir, ko fetur da aka ɓoye a ɗaki, ko tukunyar gas mai yoyo, ko dutsen guga da aka bari a jone aka kawo wuta ba kowa. Yawancin waɗannan a cikin gida suke farawa, inda mata da yara suke yini. Ga shi kuwa a garuruwanmu akwai gidaje da yawa da baƙo namiji ba ya wuce zaure. Ma'aikaciya mace tana iya shiga har madafa, ta duba, ta koya wa uwargida abin da za ta yi in mai ya kama wuta a kasko: ta kashe murhu, ta rufe kaskon da murfi, kada ta kuskura ta watsa ruwa. Rigakafi ya fi magani, rabin aikin kwana-kwana ke nan.

To, wata rana 'yarka tana iya gama makaranta ta durƙusa ta ce, "Baba, Mama, na ga ana ɗaukar 'yan kwana-kwana, ina so in nema." Me za ku ce mata?

Kada a ɓoye mata gaskiya. Aikin yana da hatsari. Ban da wuta da ruftawar gini, a 2022 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin kashe gobara cikin ayyukan da suke jawo cutar, saboda hayaƙin da ake shaƙa shekara da shekaru. Akwai aikin dare. Akwai maganar aure da ciki da goyo, wadda ya kamata a yi ta a fili tun da wuri. Iyaye suna da iko su tambaya ko tashar tana da ɗakin kwana da makewayi na mata dabam, ko akwai kaya daidai jikinta, gama yawancin kayan nan a kan jikin maza aka auna su, takalmin da ya yi yawa kuwa yana iya kayar da mutum a kan tsani. A tambaya kuma wurin wa za ta kai kuka in wani ya tsangwame ta. Waɗannan tambayoyi ne na masu hankali.

Amma akwai amsar da ba ta kamata ba, ita ce a yi mata dariya a ce, "Ke mace?" Yarinyar da ta tashi tana ɗaukar jarkar ruwa mai lita 25 a ka, tana daka, tana faskare, ba a gaya mata nauyi. Ko za ta iya ko ba za ta iya ba, ba a zaure za a yanke ba, a filin gwaji ne. In ta faɗi a jarrabawa ta gaskiya, ta faɗi kamar yadda 'ya'ya maza suke faɗuwa, ba abin kunya. In kuwa ta ci, kun ba garinku ma'aikaciya.

Ku kuma iyayen 'ya'ya maza, akwai naku rabon a labarin nan. Waɗanda suka zuƙe iskar tukunyar Brenda 'ya'yan waɗansu ne, a wani gida aka goye su. Waɗanda suka tsaya mata su ma haka. Ku koya wa ɗanku tun yana ƙarami cewa in mace ta zo aiki kusa da shi, ya nuna mata yadda ake kama mesa, ya matsa mata wuri a tebur. Wata rana cikin hayaƙi, mai yiwuwa hannunta ne zai kama wuyan rigarsa ya ja shi waje.